Likita na amsa tambayoyinku: allurar wata uku, maganin tsayar da al'ada da na neman haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku, yau wata bakwai rabona da al'ada. Ƙawata ta ce jinin taruwa yake yi a mahaifa har ya zama ƙari. Hankalina a tashe yake. Daga Maman Sadik, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, babu jinin da ke taruwa. Allurar nan, Depo-Provera ce ko Sayana Press, tana ɗauke da sinadari mai kama da firojestaron, wanda jikin mace ke yawaita shi idan tana da juna biyu. Yana hana ƙwai fita, yana sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri yadda maniyyi ba zai wuce ba, sannan yana hana shimfiɗar cikin mahaifa ginuwa. Ita wannan shimfiɗar ce ke zubowa duk wata a matsayin al'ada. Tunda ba ta ginu ba, me zai zubo? Kusan rabin masu allurar al'adarsu kan ɗauke idan suka shekara a kanta.

Abin da ya kamata a gaya miki tun ranar farko shi ne ciki kan yi jinkiri bayan an daina, yawanci kamar wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har shekara ɗaya da rabi. Haihuwar tana dawowa. Idan kina son ciki nan kusa, ashanar hannu, wato maganin tazara da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu, ta fi dacewa da ke, domin ita da zarar an cire jiki ke komawa yadda yake. Idan kuma kin taɓa wuce ranar allura sosai, ki yi gwajin ciki.

Tambaya: Likita, bana zan sauke farali in sha Allah, kuma lissafina ya nuna al'ada za ta zo mini a kwanakin aikin Hajji. An ce in sayi Primolut N. Yaya ake sha? Daga wata maniyyaciya, Gusau.

Amsa: Allah Ya sa a yi karɓaɓɓiya, Hajiya. Maganin yana riƙe shimfiɗar mahaifa ne ya hana ta zubowa muddin ana shan sa. Yawanci ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 5, sau uku a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake sa ran al'ada. Kwana biyu zuwa uku bayan an daina sai jinin ya zo. Wadda ta makara wajen farawa, ko take tsallake sha, ita ce za ki ga tana fama da ɗigon jini a Mina, ga damuwar ɗawafi.

Amma kada ki saya kai tsaye a kemis. Maganin na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ga doguwar zama a jirgi, ga zafin Makka mai busar da jiki. Mai hawan jini, ko ciwon hanta, ko ciwon kai na ɓari guda, ko wadda jini ya taɓa daskare mata, dole likita ya duba ta tukuna. Ki je tun saura wata biyu a tashi. Ki kuma sani ba ya hana ɗaukar ciki. Hukuncin shan sa a shari'a kuwa, wannan na malamai ne.

Tambaya: Mijina matafiyi ne, duk dawowarsa sai in sha Postinor-2. Yana zubar da ciki ne?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Jinkirta fitar ƙwai yake yi, idan ciki ya riga ya shiga ba ya taɓa shi. Ana shan sa cikin awa 72 bayan saduwa, gara ma da wuri. Maganin hana ɗaukar ciki ne na gaggawa: yawan shan sa na rikita al'ada, kuma bai kai allura ko ashana tabbas ba.

Tambaya: Likita, shekararmu uku da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Matata ta sha Clomid wata takwas, wani mai kemis ne ke ba ta, har yanzu shiru. A ƙara mata yawan ƙwayar ne? Daga wani magidanci, Maraɗi.

Amsa: Malam, a dakatar da shi daga yau. Clomid aiki ɗaya ya iya. Yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa sinadarin istirojin ya yi ƙasa a jiki, sai ta ƙara turo saƙon da ke nunar da ƙwai. Ana shan miligiram 50 na kwana 5 a farkon al'ada, a bi da hoton ciki a ga ko ƙwan ya nuna. Saboda haka macen da ƙwanta ba ya fita yake taimaka wa, irin mai al'adar da ke tsallake watanni. Idan hanyoyin ƙwai sun toshe sakamakon tsohon ciwon sanyi, ko buhu guda ta sha ba zai buɗe su ba. Ba a so a wuce wata shida ana shan sa, domin yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa, ya kumbura ma'ajiyar ƙwai, ya kawo dishi-dishin gani.

Abin da ke damuna a irin wannan wasiƙa, kuma ina yawan ganin sa a asibiti, shi ne mace ta zo ita kaɗai da leda cike da fankon magani da takardun gwaji, maigida kuwa ko sau ɗaya ba a duba shi ba. Ban ga inda ka ce an gwada ka ba, Malam. A cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, kusan rabi akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar maniyyinsa, haka ma samun 'ya'ya a auren baya ba ya wanke shi yau.

Ku je wurin likitan mata tare. Ita a duba fitar ƙwanta da hanyoyinsa, a auna sinadarin da ke kawo ruwan nono, domin idan ya yi yawa yana hana ƙwai fita kuma maganinsa daban ne. Kai kuma gwajin maniyyi: ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka bayar a ɗakin gwaji. Ya fi yawancin gwaje-gwajenta sauƙi da araha, da shi ya kamata a fara.