Amsa ga mai tambaya: an ba ni gyaran tsohon COBOL, in ajiye aikin ne?

Ɗan'uwa don Allah kar ka ajiye, na san zafin abin wallahi. COBOL, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun 1959 yake kuma har yau bankuna da yawa a kansa suke, a 2020 ma jihar New Jersey ta Amurka ido rufe ta nemi waɗanda suka iya shi da tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe. Ka fara da DATA DIVISION tukuna, wato sashen da ake bayyana bayanan da manhajar ke aiki da su, ka gane kowane PIC (shi ke nuna irin bayani da tsawonsa) kafin ka taɓa wani abu, sannan ka lura a tsohon tsarin rubuta COBOL duk abin da ya wuce harafi na 72 a layi kwamfaila (manhajar da ke fassara rubutun zuwa abin da kwamfuta ke ganewa) baya karanta shi, wannan kaɗai ya sha wahalar da mutane. Ka sauke GnuCOBOL, kwamfailan COBOL ne kuma kyauta ne, ka riƙa gwaji a kwamfutarka.