Ragowar Ulu: A Auna Kafin a Kafa Saƙa

Ɗiyata, jiya da kika kawo mini shuɗiyar hular nan da ulu ya yanke miki saura kaɗan ki rufe kanta, kin ce: "Inna, wai yaya kike yi ki dubi ragowar ulu ki ce wannan zai isa, wancan ba zai isa ba?" Lokacin ina sallamar mai kayan suna, shi ya sa na ce ki bari mu natsu.

Ido ba ya auna ulu. Curin da aka naɗa sako-sako sai ya cika miki tafin hannu, alhali wani ɗan ƙarami kamar ƙwan zabo, da aka naɗa da ƙarfi, ya fi shi tsawo. In kin ga ina jujjuya curi ina cewa zai isa, na riga na auna shi tun ranar da ya rage.

Ki daina yar da takardar da ke naɗe a jikin sabon curi. A kanta aka rubuta nauyi, giram 50 ko 100, da tsawon zaren. A ce ta nuna giram 100, mita 280. Kin gama riga, kin ɗora abin da ya rage a kan ɗan ma'aunin nan nawa, ya ba ki giram 25. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, mita 70. A hannuna hular jariri sabon haihuwa tana cin giram 25 zuwa 30 na ulu matsakaicin kauri, safarsa kuma ba ta kai haka ba. Kin ga giram 25 a bakin gaɓa yake, sai in yi safa da shi in huta. In babu ma'auni kusa, ki auna da gaba: ki miƙe hannuwanki biyu, daga yatsa zuwa yatsa, ki yi ta ƙirgawa kina zubawa a ƙwarya don kada ya harɗe. Gabar mace kamar mu mita ɗaya da rabi ce ko fiye kaɗan.

Amma ki lura na ce a hannuna. Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Ni ina matse idon saƙa, ke hannunki yana sake, don haka layin da zan saƙa da gaba biyu ke sai kin ƙara masa kamu guda. Lissafina ba zai yi miki aiki ba sai kin san cin hannunki. Ki saƙa layi ɗaya cikakke, ki ɗaura ɗan zare a inda kika tsaya, ki warware layin, ki auna abin da ya ci. In ya ci gaba biyu, kuma saura layi 20 ki gama, gaba 40 kike bukata, sannan ki ƙara na rufe baki da na wutsiyar da za ki ɓoye da allura. Rufe baki yana cin wajen ninki huɗu na faɗin saƙar. Na sha ganin yarinya ta iso ido goma na ƙarshe da zaren da bai kai taki ba, tana ja tana matsewa har bakin hular ya ƙi shiga kan jariri.

In kin zo ƙarshe kina shakka ko zai yi layi biyu, ki ninka ragowar gida biyu, ki yi ɗan ƙulli sassauƙa a tsakiya. Ki saƙa layi ɗaya. In kin gama ba ki taɓa ƙullin ba, na biyun zai samu. Kuma kwarashi ya fi allura biyu cin ulu, wajen kashi ɗaya cikin uku, kada ki ɗauki lissafin wannan ki kai wa wancan.

Za ki ce ai Kasuwar Dole ba nisa, in ya ƙare a ƙaro. Haka na yi zato wata shekara cikin hunturu, saura kwana biyu suna, ina saƙa bargon jariri ruwan hoda. Ya yanke, na je na sayo irinsa, sunansa ɗaya, launinsa ɗaya a cikin rumfa. Na kwana ina saƙa a hasken fitila. Da safe na shanya shi a igiya, sai ga layi ya fito sarai a inda na haɗa, sabon ya fi tsohon duhu. Rini daban ne, akwai lambarsa a takardar nan, ban duba ba. Ulun da ke zuwa mana daga Kano kashi-kashi yake zuwa, wanda kika saya a watan jiya da wuya ki sake samun ɗan'uwansa. Sai da na warware rubu'in bargon nan, raina a ɓace, don ba zan miƙa wa mai jego abin da zan sunkuyar da kai in an buɗe shi gaban 'yan suna ba.

Wajen haɗa ragowa kuma, kauri ya zo ɗaya. Sirara biyu a haɗe suna tsayawa a madadin mai kauri ɗaya. Kada ki gama na auduga da na roba a abu guda, wanki ɗaya auduga za ta tsuke ta bar ɗayan. In takarda ta ɓata, ki yanki guntu ki kai shi bakin ashana: na roba narkewa yake ya dunƙule baƙi da tauri, auduga ta ci wuta ta bar toka mai laushi, na gashin tumaki kuwa ƙaurin gashi za ki ji.

Hularki ba ta lalace ba. Ki warware layi takwas, ki ɗauki farin nan da ya rage daga rigar da muka kai Birni, kaurinsu ɗaya. Ki riƙa yin fari layi biyu, shuɗi layi biyu, har ki rufe kan, sai ki yi mata tuntu da farin. Gobe ki zo da jakar ragowarki gaba ɗaya, mu auna su curi-curi, ki rubuta nauyin kowanne a 'yar takarda ki soke a jikinsa.