Wane bod ɗin FPGA zan fara saya?

FPGA cif ne da ake tsara da'irar cikinsa ta hanyar rubuta kod. Wata ɗaliba ta rubuto: "Malam, an ce mu nemi bod ɗin FPGA saboda kwas ɗin dijital. Na ga Basys 3, na ga DE10-Lite, ga kuma wani mai Spartan-6 da araha sosai. Wanne zan ɗauka?"

Malama, kafin ki taɓa kuɗinki ki tambayi malaminku wace manhaja za ku yi aiki da ita a aji, don kowane cif da manhajarsa, ba sa shiga gonar juna. Basys 3 na Digilent ne, cif ɗin Artix-7 ke kansa, da manhajar Vivado yake aiki. DE10-Lite kuwa na Terasic ne mai cif ɗin MAX 10, shi manhajar Quartus ya sani. In 'yan ajinku duk suna kan Vivado ke kaɗai kina Quartus, ranar da kod ɗinki ya ƙi aiki ba mai leƙo miki ya taimaka, kuma wallahi zai ƙi, kowa sai da nasa ya ƙi.

Su biyun nan abin da nake so da su shi ne komai na jikinsu. Basys 3 na da makunnai 16 da fitilu 16, DE10-Lite 10 da 10, kowanne da allon lambobi da kafar VGA, kin ga ke nan kina rubuta ɗan abin ƙirga a Verilog (yaren rubuta kod ɗin FPGA) ki loda, nan take ki ga lambobi suna tafiya ba sai kin nemo wayoyi ba. Kar yawan LUT (ƙananan tubalan lojik da ke cikin cif) ya ruɗe ki, ayyukan mai koyo da wuya su ci rabin cif ɗin.

Na Spartan-6 ɗin nan dai ki bar shi. ISE (tsohuwar manhajar wannan cif ɗin) yake buƙata, wanda tun 2013 aka fitar da na ƙarshensa, saka shi a sabuwar kwamfuta ma ciwon kai ne.

Wani kuma ya ce: "Ni Mac gare ni, kuma don kaina nake koyo."

To malam, Vivado da Quartus Windows da Linux kawai suka sani. Nemi ƙaramin bod mai iCE40 na Lattice, kamar iCEstick, ka haɗa da manhajojin Yosys da nextpnr, su kyauta ne kuma ba nauyi. Sai dai fa iCEstick ɗin LUT 1280 kacal gare shi, kuma ƙafafunsa 3.3V ne, in ka saba jona 5V irin na Arduino Uno za ka iya ƙona shi.