Hukuncin Musun Ƙwallo a Majalisa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arsenal ne, abokaina kuwa 'yan Chelsea ne da Manchester United. Duk daren da aka yi wasa sai mun raba dare muna musu a majalisa, wani lokaci har a tashi baram-baram. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, karkatar zuciya ga ɓangare guda a gasa ba laifi ba ne, sahabbai ma sun ji irin wannan. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi zafi ƙwarai. Annabi bai tsawata musu ba, sai ya sanar da su cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah ya sauke shi. To, balle Arsenal.

Don haka in musunku a kan wasan ne kansa, ko an yi satar gida, ko alƙali ya yi daidai da ya ba da fenariti, ko koci ya makara wajen canji, wannan hira ce ta halal. Tana iya zama da amfani ma, idan ta koya muku kawo hujja da sauraron ta wani. Sharaɗi shi ne wanda aka nuna wa gaskiya ya karɓa.

Inda matsalar take shi ne musun da ba shi da ƙarshe, irin na wa ya fi iya ƙwallo tsakanin Messi da Ronaldo, wanda kowa ya san ba zai sauka daga ra'ayinsa ba tun kafin a fara. Wannan shi ne jayayyar da hadisin Abu Umama a cikin Abu Dawud ya yi alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar ta, ko da shi ke da gaskiya. Mafi ƙarancin hukuncinsa karhanci ne.

Yana zama haramun da zarar an shiga zagi, ko ambaton iyaye, ko laƙabin izgili da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana, ko ƙauracewa juna fiye da kwana uku. Haka idan aka sa kuɗi, ko da kuɗin shayi ne wanda aka ci zai biya, caca ce. Kuma ku lura, wasannin Firimiya na ranar Asabar sukan faɗo a kan La'asar, kada gidan kallo ya cinye muku jam'i.

Kai da ka ce har fushi ake yi, in ka ji muryarka ta fara tashi, ka ce "na ji" ka sallame su. Wallahu a'alam.