Tambayoyin Masu Karatu: 'Yata ta ce Oxford ba ta irinmu ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Manchester, shekararmu shida ke nan a Birtaniya. 'Yata tana aji na 12 a makarantar gwamnati, ta ci jarrabawar GCSE da maki 8 da 9 (9 ne mafi girma) a yawancin darussa, kuma burinta ta karanta shari'a. Malaminta ya ba ta takardar wani shiri da ake kai ɗalibai Jami'ar Oxford su yi 'yan kwanaki a lokacin hutun bazara, amma ta linke ta ta sa a jaka, ta ce wurin na 'ya'yan masu kuɗi ne. Ni kuma ban sani ba ko da gaske kyauta ne, ko yana ƙara wa yaro damar samun gurbi. Mahaifinta ma bai saki jiki da zancen ta kwana a wani gari ba. Mene ne shawararku? Daga wata uwa a Manchester.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya ta, ya sa mata albarka. Shawarata ta farko ita ce ki sa ta ciro takardar nan daga jaka yau, ku duba ranar rufe karɓar buƙatu, domin kusan duk waɗannan shirye-shirye na 'yan aji na 12 ne, kuma ana rufe su watanni da yawa kafin bazarar ta zo. Wasu suna rufewa tun cikin kaka, wasu a Janairu, wasu kuma a farkon Maris. Wanda ya bari sai ya shiga aji na 13 zai tarar an riga an wuce da shi.

Maganar da 'yarki ta faɗa ba daga sama ta zo ba, kuma ba na son a yi mata faɗa a kanta. Kimanin kashi 7 cikin 100 ne na yaran Birtaniya ke makarantun kuɗi, amma shekara da shekaru kason da suke samu a manyan jami'o'i ya ninka haka sau da yawa. A shekarar 2018 gidauniyar Sutton Trust ta fitar da rahoton da ya nuna cewa makarantu takwas kacal sun tura ɗalibai Oxford da Cambridge fiye da abin da wasu makarantu kusan 2,900 suka tura idan aka haɗa su gaba ɗaya. Yarinya mai kaifin basira tana ganin wannan ko ba a karanta mata rahoto ba, tunda ba ta san kowa a unguwarsu da ya je can ba. Sai dai wannan giɓin shi ne ya haifar da takardar da ke cikin jakarta. A Ingila, jami'ar da ke son karɓar cikakken kuɗin makaranta, wanda ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, dole ta gabatar wa hukumar da ke sa ido kan jami'o'i, wato Office for Students, tsarin yadda za ta jawo yaran da ba su saba shigowa ba. Saboda haka ba sadaka ake yi wa 'yarki ba. Neman irinta ake yi, kuma an ware kuɗi domin haka.

Da alama shirin da malamin ya nuna mata shi ne UNIQ, wanda Oxford ta fara a 2010 domin ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai. Kyauta ne, har da kuɗin jirgin ƙasa da masauki da abinci. Abin da ake yi a ciki ya fi yawon buɗe ido. Mai son shari'a za a ba ta hukuncin wata kotu ta karanta, washegari ta zauna a ƙaramin ɗaki da malami da ɗalibai ƙalilan, a tambaye ta ra'ayinta, ta faɗa, malamin ya sauya wani ɓangare na labarin ya ce to yanzu fa? A nan ne yara da yawa suke gane cewa ba haddar amsa ake nema ba, ana so ne a ga yadda mutum yake tunani idan aka matsa masa. Irin wannan zama ne ake yi a ganawar tantance masu neman gurbi da Oxford ke yi a watan Disamba, kuma yaran makarantun kuɗi sun daɗe suna samun horo a kansa. A ganina wannan ne babban amfanin shirin, ya fi duk wata takardar shaida da za a ba ta a ƙarshe.

Kada ta tsaya a kan guda ɗaya. Sutton Trust, wadda Sir Peter Lampl ya kafa a 1997, tana gudanar da irin wannan zama na bazara a jami'o'i da dama, ciki har da Cambridge da Durham da Bristol da Edinburgh. Akwai Target Oxbridge, wanda aka fara a 2012 domin ɗalibai 'yan asalin Afirka da Karibiyan, inda ake haɗa yaro da wani ɗalibi ko tsohon ɗalibi na Oxford ko Cambridge ya riƙa yi masa jagora har lokacin neman gurbi. Ga yarinyar da ke cewa wurin ba na irinta ba ne, babu maganin da ya kai ta zauna da wadda ta yi kama da ita kuma ta riga ta shiga. A ƙofar gidanku kuma akwai Manchester Access Programme na Jami'ar Manchester, na yaran yankin.

Game da ko shirin yana ƙara damar samun gurbi, amsar ta rabu biyu, kuma ya kamata ku fahimci bambancin. Halartar UNIQ ko zaman Sutton Trust a Cambridge ba alƙawarin gurbi ba ne. Mai neman shari'a a Oxford sai ta rubuta jarrabawar LNAT ta tantance masu son karanta shari'a, ta tsallake ganawa, sannan ta kawo AAA, wato makin A a darussa uku, a jarrabawar A-level ta ƙarshen aji na 13 kamar kowa. Amma wasu jami'o'in suna rage makin da suke nema ga wanda ya kammala shirinsu ko ya fito daga yanayin da suka lissafa. Bristol tana rage mataki biyu a irin wannan tayi, wato inda ake neman AAA sai ta karɓi ABB, kuma shirin Manchester da na Birmingham da na Leeds duk suna da sassauci makamancin haka. Tunda fam ɗin UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hanyarta, yana ba ɗalibi zaɓi biyar, hikima ita ce ta sa Oxford ko Cambridge a ɗaya, domin ba a neman su biyun a shekara guda, ta cike sauran da jami'o'in da ta yi shirinsu. Ranar ƙarshe ta Oxford da Cambridge ita ce 15 ga Oktoba na aji na 13.

Ƙoƙari kaɗai ba ya wadatarwa wajen zaɓen waɗanda za a ɗauka, domin masu nema sun fi gurabe yawa. Ana duba ko yaro ya taɓa cancantar abincin makaranta kyauta, ko iyayensa ba su yi jami'a ba, ko lambar adireshin unguwarsu tana cikin wuraren da yara ƙalilan ke zuwa jami'a, da kuma yadda sakamakon makarantarsu yake gaba ɗaya. Idan kina da digiri, wannan zai iya rage mata damar a ɗauke ta a wani shirin, ba a duka ba. Ta rubuta gaskiya kawai.

Damuwar mahaifinta kuma damuwa ce ta uba, kada a mayar da ita ƙauyanci. Waɗannan yara 'yan ƙasa da shekara 18 ne, don haka jami'a tana ƙarƙashin dokokin kare yara: akwai ma'aikata da ke kwana a masaukin, akwai lokacin da kowa zai koma ɗakinsa, kuma an hana giya. A fam ɗin ana tambayar irin abincin da yaro ke ci da buƙatunsa na addini. Ina ba Alhaji shawara ya kira ofishin shirin da kansa, ya tambayi yadda ake raba masaukin mata da na maza da inda za ta yi salla. Idan duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, shirin Manchester galibin ayyukansa daga gida za ta riƙa zuwa.

Abu na ƙarshe da ba ki tambaya ba amma ya fi kwana a waje nauyi shi ne takardar zama. Biyan kuɗin makaranta na 'yan gida da samun rancen gwamnati suna buƙatar, a mafi yawan lokuta, izinin zama na dindindin da shekara uku na zama a ƙasar kafin fara karatu. Idan har yanzu 'yarki tana kan bizar aikinki, ki fara bin wannan tun yanzu, domin kuɗin ɗaliban ƙasashen waje ya ninka na 'yan gida sau da yawa.

Tambaya: Ɗana yana aji na 13 a Leeds. Mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, shi ne ya riƙa kula da ƙannensa, makinsa ya sauka zuwa BBB. Ko ya makara? Daga wani uba.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Malam, ya saka wa yaron da alheri. Bai makara ba. Cambridge ta fara shekarar share fagen shiga digiri a Oktoban 2022 domin ɗaliban da wani hali ya katse wa karatu, a fannonin adabi da tarihi da ilimin zamantakewa, kuma BBB take nema. Shekarar kyauta ce, wanda ya kammala ta da kyau yana wucewa zuwa digiri. Oxford ma ta buɗe tata mai suna Astrophoria a 2023 domin 'yan makarantun gwamnati. Duka biyun ta UCAS ake neman su a watan Janairu. Ka je makarantarsu da kanka ka gaya wa malamin da zai rubuta masa takardar shaida abin da ya faru a gida, da watannin da jinyar ta ɗauka, domin a rubuta shi a fili a sashen da aka ware wa irin wannan uzuri.