Amsa ga Hajiyar da ɗanta zai tafi jami'a

Hajiya, kin ce yaronki ya cika 18 zai shiga jami'a, kuma tun da ciwon daji ya yi ajalin ƙanenki hankalinki bai kwanta ba, kina tambayar me za ki sa wa ido. Allah ya jiƙansa da rahama. Na daɗe ina aikin jinya a nan Sakkwato, ga abin da na gani.

Yawancin masu sankara manya ne, amma sau da dama tun ƙuruciya aka ɗauko sanadin. Ki fara tambayarsa ko ya taɓa fitsarin jini. Yaranmu na wanka a gulbin Rima da fadamu, su kwaso tsargiya, wasu ma har gani suke alamar balaga ce, sai su yi shiru. Ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiyar yana maƙalewa a bangon mafitsara ya yi ta cin wurin shekara da shekaru, shi ya sa sankarar mafitsara ta yi yawa a yankin nan. Na ga magidanta a asibitin koyarwa na Danfodiyo da robar fitsari a hannu, alhali da an ba su ƙwayar maganin tsargiya, praziquantel, tun suna yara, da ta kashe tsutsar.

Sai hanta, don ciwon hanta nau'in B yana iya kaiwa ga sankara. An sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai a 2004, amma ke ma kin san gidaje nawa ne ba su kai 'ya'yansu ba. Ki duba katinsa. In babu, a gwada jininsa, in lafiya lau a yi masa allura uku. A hostel za ki tarar da injin aski ɗaya yana zagaya kai biyar, ga mai yankan farce da almakashinsa guda yana bi layi-layi, cutar kuwa ta jini take bi. Ki saya masa nasa, ba tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne taba. A gabanki ba zai sha ba, amma can ba mai jin warin bakinsa. Dokar 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai je ki teburin mai shayi ki gani. Shisha kuma samari sun ɗauka ruwan yana wanke hayaƙin, ga ƙamshin tuffa. Ba ya wankewa, zama ɗaya ma ya fi kara ɗaya tsawo nesa ba kusa ba. Kada ki yi masa faɗa a kan wannan, ki sa kawunsa da yake jin maganarsa ya zauna da shi.

Abinci zai canja, daga tuwo da miyar kuka zuwa Indomie da lemon kwalba, ƙwallon yamma ma ya daina. Ƙiba tana da nata haɗarin, amma wannan zai iya jira. Gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna dai ya guje su, gubarsu hanta take nufa.

In yana da ƙanne mata 'yan 9 zuwa 14, akwai rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara a Najeriya a 2023, allura ɗaya ce kuma kyauta. Ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.