Ko akwai hikima a bakin mahaukaci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai hikima a maganar mahaukaci, ko mu ne muke ɗora mata ma'ana. Ni a ganina mutane iri biyu muka cusa cikin kalma ɗaya.

Muna yara akwai wani bawan Allah da ke zama wajen Ƙofar Doka a Zariya, riga uku a jikinsa ko da bazara. Wata safiya ana ta rububin shiga mota, sai ya ɗaga kai ya ce, "Duk kuna gudu, wa ya biyo ku?" Wallahi har yau maganar na dawo mini. Amma fa ba shi da lafiya. A waje yake kwana cikin hunturu, yara na jifansa. Irinsa asibitin Shika ya kamata a kai, ba a tsaya ana cewa majazubi ne ana neman tubarraki ba.

Na biyu kuwa lafiyarsa ƙalau, gaban zamaninsa kawai ya yi. Ko a fada, wawan sarki na faɗin abin da bafade ba ya iya furtawa. Ka ɗauki wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Semmelweis: a 1847, a birnin Biyana (Vienna) na ƙasar Austriya, ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Mace-macen mata ya ragu sosai, amma abokan aikinsa da yawa suka yi watsi da shi. A 1865 ya mutu a gidan masu taɓin hankali.